Laƙanin Bulus Mai Walda

Bulus mai walda ne a unguwar Television, shekarunsa arba'in da ɗaya, kuma ba wanda zai ce ya taɓa jin ya ɗaga murya. A bara aka sa sunansa cikin waɗanda za a zaɓa dattawan ikilisiya. Ya daɗe yana son wannan matsayi, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba, sai wanda ya zauna kusa da shi, kamar ni.

Ana saura mako biyu zaɓe, Baba Wilfred, shugaban kwamitin tantancewa, ya ari tsohon littafin waƙoƙin Bulus. Yana buɗewa wata takarda ta faɗo, an ninke ta gida takwas, ta yi baƙi saboda gumin hannu. A cikinta layi-layi ne na kibiyoyi da da'ira da murabba'i da gicciye. Kowane layi da takensa, da rubutun Bulus: "Don 'yan sanda su rabu da kai." "Don harsashi kada ya kama ka." "Don mota ta tashi sama."

Baba Wilfred ya sa takardar a aljihu. Ya hau keke mai ƙafa uku zuwa Makera wajen Malam Zakariyya'u, wanda suka yi shekara ashirin tare a masaƙa, kuma ya san hatimi. Malam ya sa tabarau, ya juya takardar sama da ƙasa.

"Wilfred, wannan ba namu ba ne," in ji shi. "Ga gicciye nan har guda tara. Ku bincika a wajenku."

Da kwamiti ya kira Bulus, sai ya yi bayani. Yana saurayi akwai wani shagon gem, wato wasan talabijin, a Sabon Tasha, inda ake wani wasa da ake sakin mutum a cikin ƙaton birni, ya je inda ya ga dama, ya ƙwace motar da ta yi masa, 'yan sanda su bi shi. Alamomin nan maɓallan da ake latsawa ne a jere. Ba a sayar da su, hannu da hannu suke yawo, kowa ya kwafa daga wanda ya riga shi.

"Haka duk masu laƙani ke cewa," in ji Mama Celina, shugabar zumuntar mata.

Aka yanke cewa sai an gani da ido. Ranar Asabar da la'asar Bulus ya aro tsohuwar na'urar wasan daga wani mai gyaran waya, aka jona ta da talabijin ɗin ofishin coci, aka tada janareta. Shekara goma sha bakwai rabonsa da wasan, amma yatsunsa ba su nemi izininsa ba. Mutumin da ke cikin allo ya tare wata jar mota, ya finciko direban, ya shige.

"Ko sannu bai ce masa ba," in ji Mama Celina.

Jiniya ta tashi, motocin 'yan sanda suka cika titi. Bulus ya latsa abin da zai latsa ba tare da ya dubi takardar ba. Nan take 'yan sandan suka juya, kowa ya kama gabansa kamar an tashi daga kasuwa.

"Sake yi," in ji Baba Wilfred.

Ya sake. Ana cikin na uku man janareta ya ƙare, birnin ya ɓace. A nan Baba Wilfred ya ba da hukuncin da har yau ake ambato: asirin da sai da wuta yake aiki ba asiri ba ne.

Amma Mama Celina ba ta gama ba. Ta ce batun tsafi ya wuce, saura batun mota. Kowa ya ga an ƙwace ta, ba wanda ya ga an mayar, kuma ba za ta ɗaga hannu ga dattijon da ke riƙe da kayan mutane ba. Bulus ya ce ai ba motar gaske ba ce. Ta ce to me zai hana shi mayarwa?

Aka ƙaro mai. Bulus ya sake ɗaukar wata jar motar, tunda ta farkon ta tafi da wutar, ya yi ta zagaya birnin a hankali yana neman mai ita, yana tsayawa a kowace danja. Ya gaya mini cewa a duk shekarun da ya yi yana wasan, ran nan ya fara lura akwai shaguna a bakin titi, har da masu shanya a saman bene. Bai sami mutumin ba. Ya faka motar daidai inda ya ɗauke ta, ya fita, ya tafi da ƙafa.

"Yauwa," in ji Mama Celina.

An zaɓe shi da ƙuri'a mai yawa. Takardar kuwa tana hannun Baba Wilfred, wanda ke da bas biyu a hanyar Sabo, inda 'yan sanda ba sa rabuwa da direbobi. Ya ce tana cikin fayil.