Mai Tsaya wa Baƙi a Ƙofar Kwaleji

Ina cikin kunna fankokin laburare, ranar Alhamis da hantsi, wayata ta yi ƙara. Babban ɗan Malam Hamisu ne. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, "Malam Sada, Baba ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kujerar ɗalibai. Hawan jini ne ya kayar da shi bayan sallar asuba, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Malam Hamisu shi ne shugaban laburaren kwalejinmu a nan Katsina, ni kuwa mataimakinsa. Ɗalibai za su tuna da mutumin da ke ɓoye wa marar hali littafi a ƙarƙashin tebur lokacin jarrabawa, don kada masu hanzari su riga shi. Mutanen gari kuwa wani abu daban suka rasa. A wajensa laburaren ba na 'yan kwaleji kaɗai ba ne. Tela daga Babbar Kasuwa yakan zo duba littattafan ɗinki, tsofaffin ma'aikata su zo karatun jarida, zawarawa masu shirin komawa makaranta su zo koyon kwamfuta. Yakan ce, "Littafi bai taɓa tambayar kowa katin shaida ba."

Sai zamani ya juya. Da 'yan bindiga suka fara tarwatsa ƙauyuka, aka shiga maganar masu kai masu rahoto daga cikin gari, hukumar kwaleji ta kafa doka, kuma ban ga laifinta ba. Duk wanda ba ɗalibi ba, ba ya shiga sai wani ma'aikaci ya taka har bakin get ya ce wa masu gadi ya tsaya mashi. In wani abu ya faru, wuyan ma'aikacin za a kama. Wallahi duk muka noƙe, har da ni. Malam kaɗai ke fita kowace safiya, ya tarar da baƙi a gindin dalbejiya. Ba ya gaggawa. Sai ya gaida mutum gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da iyali, da unguwa, da wanda ke limanci a masallacinsu, da abin da ya zo nema. Daga nan ya kama hannunsa su wuce.

Na sha ce mashi, "Malam, don Allah ka rage. Zuciyar mutum ba a goshi take ba." Sai ya yi dariya ya ce, "Kai Sada, farar kura! Tsoro ma baƙo ne. Ba shi kujera, amma kar ka ba shi makulli."

Ranar da abin da nake gudu ya zo, ina wurin. Jami'an tsaro suka shigo suka ce wani Bafulatani da Malam ke shigowa da shi ana zarginsa, don haka Malam ya zo su tafi ya yi bayani. Na ga an sa dattijo a bayan mota, hularsa a hannu. Don tsoro na kasa ko zuwa gidansa in faɗa. Sai bayan la'asar aka sako shi, da aka tabbatar mutumin maganin dabbobi yake sayarwa, littafin cututtukan shanu ke kawo shi. Na ɗauka an gama ke nan. Washegari na iske Malam a bakin get, idanunsa jajur, yana tambayar wata mata lafiyar yara. Da muka keɓe ya ce mani, "Kada ka zaci ban ji tsoro ba. Jiya ko ruwa bai wuce mani ba."

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ana saura kwana kaɗan ya rasu, ya fara shigowa da wani Malam Tukur, malamin firamare da ya gudo daga wani ƙauye can bayan Batagarawa, tare da 'yarsa Hadiza. Yarinyar za ta zauna jarrabawar shiga jami'a, a kwamfuta ake yin ta, ita kuwa ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai a wurinmu. Jarrabawar ta matso. In ba a shigo da ita ba, shekararta ta tafi.

A zaman makoki, bayan an shafa fatiha, Malam Tukur ya matso kusa da ni a kan tabarma. Ya yi mani gaisuwa, ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Malam, ranar Litinin mu zo, ko mu haƙura?"

Ban san mutumin nan ba. Ban san ƙauyensu ba, ban san wa ya sani ba. Motar nan da aka sa Malam Hamisu a ciki ta faɗo mani a rai, na tuna 'ya'yana ƙanana. Na ji kaina na ce, "Ku zo da wuri." Tun daga lokacin abinci bai yi mani daɗi ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce tsoron ya tafi ba.

Allah Ka jiƙan Malam Hamisu, Ka yafe mashi kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba matarsa Hajiya Binta da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, Ka zama gatansu. Ka kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, waɗanda suka gudo su koma gidajensu. Ni kuwa, ya Ubangiji, gobe Litinin. Ka riƙe mani ƙafafuna har in kai bakin get.