Dakta Rabi da Hulata Lamba Ashirin da Biyar

Ina cikin aji a Kusada, da alli a hannuna, aka bugo mini cewa Allah Ya yi wa Dakta Rabi rasuwa a Kankia. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Sallamar ɗaliban kawai na yi, don darasi ya gagare ni.

'Yar Rimaye ce, ita ta koyar da ni kimiyyar sinadaran jiki a jami'a. Rayuwarta ta ƙare a kan binciken sinadari guda mai suna fosfatas. A kitsen bangon ƙwayar halitta akwai alamar da ke umurtar ta da ta girma ta hayayyafa, shi kuma aikinsa ya goge alamar idan girman ya isa. Takan ce, "Abin da ke cewa a tsaya ya fi mai cewa a tafi daraja." A lokacin haddacewa kawai muke yi don jarrabawa.

Mu gidanmu a Bauranya an san mu da manyan kawuna. Hula lamba ashirin da biyar nake sawa, sai an ɗinka mini, kuma tsiyar abokan wasa na sha ta har na ƙoshi. Wata rana Dakta Rabi ta tsare ni, ta ƙura wa hular ido, ba ta yi dariya ba.

"Ɗana, gidanku akwai masu maƙoƙo?"

Na ce yayata Hadiza.

"Mahaifiyarka fa, mi ya yi ajalinta?"

Na sunkuyar da kai na ce ciwon nono.

Ta ce wani lokaci ana gadon sinadarin nan da rauni, sai kai ya girma, ƙari ya riƙa fitowa. Ba ta tabbatar ba, amma a duba Hadiza. Ni kuwa da wane baki zan yi wa yayata zancen nono? Da ta ga kunya za ta kashe maganar, ranar Asabar ta shiga mota ta je Bauranya da kanta, ta shige ɗaki ta sako labule.

"Ɗiyata, ni ma mace ce. Nuna mani."

Ashe wata biyu Hadiza tana ɓoye wani ƙullutu a nononta. Aka cire shi tun bai yaɗu ba. Yau shekara tara ke nan.

Da muka je gaisuwa, Hadiza ta durƙusa gaban 'ya'yan marigayiya, ta ce, "Uwarku ce sanadin da nawa ba su zama marayu ba."

Allah Ya jiƙan Dakta Rabi, Ya haskaka makwancinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. 'Ya'yanta kuma Allah Ya ba su haƙuri, Ya haɗa su da mai tsaya musu. Amin.