Kabarin Kaka a Bayan Katangar Coci

Rannan ina gyaran na'urar sanyi a wani shagon kayan yaji a unguwar Al Ras, can ƙasar Larabawa, ruwa ya ɗiga kan buhun ɓawon rumman. Warin da ya taso sak na makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da ake yayyafa wa daɓe. Sai na tuna da garinmu da kakata.

Cocin Baftis ta garinmu ita ce ta fari a duk yankin, ginin dutse da laka. Maza suka ɗora dutse, mata suka yi daɓe, kakata a gaba. Duk shekara in an gama girbi sai ta tara mata, su durƙusa suna bugun ƙasa suna waƙa har ta yi sheƙi. Tafin hannunta duk ya yi kanta.

Amma ka san me? Ran Lahadi bencin ƙarshe ne nata, bakin ƙofa, inda feshin ruwa ke duka. Burkutu take dafawa, da shi ta riƙe mu bayan rasuwar babanmu, don haka dattawan coci suka hana ta baftisma. Ba ta taɓa musu ba. Burinta ɗaya tak, a binne ta a harabar coci tare da matan da suka yi aikin nan.

Da ciwo ya ci ƙarfinta, ta farfasa tukwanenta da kanta, ta sa kawuna ya kira babban dattijo.

Ta ce, "Baba, na tuba. Ko bakin magudana ne, ku ba ni."

Ko zama bai yi ba. Ya ce, "Tuban muzuru! Sai da kika hango rami?"

Da damina ta rasu. Aka haƙa mata a bayan katanga, cikin ciyawa, inda ake ɗaure awaki. Ƙararrawa ma ba a buga ba. Har yau abin na ci min rai, ban kuma yafe ba.

Bara ƙanena ya kira ni ta bidiyo yana murna. Coci ta zama wurin tarihi, baƙi na zuwa daga nesa, an rushe katanga an faɗaɗa haraba.

Na ce, "To, Kaka fa?"

Sai ya juya min wayar. Ashe dai ta shiga haraba. An malale wurin da siminti, nan fasto ke ajiye motarsa.