Ranar da Kaka tak kira mai sakiya

In anka ce ƙwaƙwalwata ta cika kamar wayata, in goge komi in bar abu guda, to wagga rana za ni bari. Har yau in na tuna ta sai in kama dariya ni kaɗai cikin aji, ƙawayena su ce mutanen sun motsa.

Lokacin ina sabuwar shiga jami'a a Sakkwato. Na zo hutu gida Sabon Birni, yayata ita ma ta zo daga Abuja wankan jego, haihuwar fari. Duk gidan ni kaɗai nas san sirrinta. Tun tana budurwa nononta guda bai kai ɗayan girma ba ko kusa, har tsumma take cusawa cikin rigar nono in za ta biki. Bayan aurenta, da yardar mijinta, tat tahi Masar anka yi mata aiki, anka sa mata wata 'yar jakar roba mai taushi ciki, sunka daidaita. Ranar da tat turo min hotonta cikin leshi nac ce, "Yaya, kin haɗu, ba ƙarya!" Tac ce in na bari wani yaj ji, harshena za ta yanke. Babanmu malami ne, Islamiyyarshi tana ƙofar gida, kun san dai ba zancen da za a kai mishi ba ne.

Kakarmu ita ke yi mata wankan, tafasasshen ruwa da ganyen dogon yaro, a fito a ɗora da kunun kanwa. Bayan suna sai nonon da anka yi ma aiki yak kumbura, yay yi jawur, jaririn ya ƙi kamawa, ga zazzaɓi. Kaka tas sa hannu tal lalluba, tas sake lallubawa, sai nag ga fuskarta ta canza.

"Akwai abu ciki," in ji ta. "Yana gudu ƙarƙashin hannuna kamar ruwa cikin leda. Mugunya ta tara. A kira min wanzami ya yi sakiya."

Ga wanda bai sani ba, sakiya ita ce a sa kibiya wuta har ta yi ja, a soka wurin kumburi, mugunya ta hito. Jama'a, roba fa!

Yaya tak kama kuka tana girgiza kai. Kaka tac ce, "Raki dai, raguwar banza. Ni sau biyu anka yi min, ga ni ban mutu ba." Nad dubi Inna ko za ta sa baki. Ina! Yaya ɗiyar farinta ce, ko sunanta ba ta kira, bare ta tsoma baki kan nononta. Tsintsiya tad ɗauka tana sharar wurin da an riga an share. Ita kuwa Yaya, da ko ɗanta ba ta iya ɗauka gaban manya don kunya, ta ina za ta fara?

Kafin ka ce mi, tsohon wanzamin unguwarmu ya iso zaure, an kai mishi garwashi. Ni kau yatsana kamar inji, ina ta aika ma mijin Yaya saƙo, ba ko guda da yat tahi, sabis ya yi ɓatan dabo. Nad dubi Yaya, tah harare ni da jajayen idanu, alamar in kika buɗe baki mun ɓata. Daga tsakar gida ina jin wanzami yana hura wuta.

Abu guda yac cece mu. A gidanmu ba wanda ya isa ya yi ma Kaka maganar banza sai jika. Don haka naj ja mayafinta nac ce, "Tsohuwa, zo ɗaki, na samo miki gulma da ɗuminta."

"Ke ja'ira, yanzu na lokacin gulma?"

"Wallahi in kika rasa wagga, kin yi asara."

Ba ta iya wuce gulma, tab biyo ni. Nar rufe ƙofa naz zazzage mata komi.

Tad dube ni tac ce, "Roba? Irin ta cikin tayar keke?"

"Kusan haka, amma ta 'yan gayu."

"In anka soka fa?"

"Hwashewa za ta yi, Kaka. Sai an sake yanka ta."

Tam miƙe, tag gyara ɗaurin zane, tan nufi zaure ina bin ta. "Malam, kashe wutarka. Na sake taɓawa, ruwan nono na yac cika, ba mugunya ba. Tsufa ya fara ruɗa min hannu." Tab ba shi goro tas sallame shi. Matar da ba ta taɓa yarda ta yi kuskure ba ko kan gishirin miya!

Daga nan tash shiga wurin Yaya taz zauna bakin gado. "Ke shashasha. Kina zaton ban san da tsumman nan ba? Zanen wa kike yagewa in za ki biki? Shekaru ina kallonki ina jin tausai, na rasa ta inda za ni taɓa ki. Shi na za ki bari a soke ki da kibiya don kar in ji?" Yaya tak kifa kai cinyarta, kuka da dariya sunka haɗe mata.

Ranar munka kai ta asibiti. Likita tac ce hanyar nonon ce tat toshe, robar lahiya lau take, tab ba da magani tac ce a ci gaba da shayarwa, a bar matsawa da ƙarfi. Yanzu yaron nan ba mai iya kama shi da gudu. Yaya ta yi min gabar yini biyu, ran nan kuma sai nag ga data ta shigo wayata ba ko sallama. Kaka ba ta taɓa hwaɗa ma kowa ba, sai dai in Yaya ta zo ta ce, "Maraba da mutanen Masar," Baba ya ɗauka zancen yawon buɗe ido ake.

Abin da nak koya shi ne, riƙe sirri amana ce, amma in riƙon zai kai mai shi ga kibiya, a sake shi. Sai dai a zaɓi kunnen da za a zuba shi. Ni na zaɓi na tsohuwa, kuma har yau bai yi yoyo ba.