Kujerar Baya

Har bayan ya ajiye aiki, unguwa ba ta daina ce masa Manaja ba. Shekara da shekaru ya yi yana shugabantar wani kamfanin kayan gini, kuma duk tsawon lokacin bai taɓa riƙe sitiyari ba. Da safe direba zai buɗe masa ƙofar baya, ya shiga ya baje jarida, ba zai ɗago ba sai mota ta tsaya a bakin ofis. Mutumin kirki ne, wannan babu musu. Ba ya zagin ma'aikaci, ba ya cin haƙƙin kowa. Sai dai yana da halin manyan ofis: in matsala ta taso, abin da ke fara zuwa masa shi ne wa zai tura.

Da haka ya riƙe gidansa ma. Ranar da matarsa, Hajiya, ta fara naƙudar ɗansu na fari, yana taro, sai ya tura direba. Da yaron ya karye a makaranta, direba ne ya je. Rasuwar mahaifiyarta ma direba ne ya kai ta, shi ya biyo baya da yamma. Bai taɓa ganin laifinsa ba, tunda mota ba ta taɓa makara ba.

Da ya yi ritaya, kamfani ya ba shi agogon bango, ya karɓe mota da direba. Ba a jima ba ciwon ƙoda ya kama Hajiya, likita ya ce sai an riƙa kai ta wankin ƙoda duk mako. Babban ɗansu ya sayo ƙaramar mota, ya ce zai nemo mai tuƙi.

"Nemo," in ji Hajiya, tana ninke kaya. "Ni ai na saba. Na fi sanin ƙeyar direba fiye da fuskar babanku."

'Ya'yan suka yi dariya, shi bai yi ba. Washegari ya ce kada a ɗauko kowa, shi zai tuƙa.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ta koya masa a filin bayan makarantar firamare. Mutumin da in ya yi gyaran murya ɗaki ke yin tsit, ga shi yana zufa ana yi masa faɗa.

"Baba, birki na ce, ba totur ba."

"To ai shi na taka."

"Da shi ka taka, da bokitin mutanen nan bai tashi sama ba."

Ya goge katangar maƙwabci, ya fasa fitila guda, amma gemu ba ya hana ilimi. Ya iya, ya kuma karɓi lasisi. Tuƙin nasa dai sai haƙuri, har masu keke suna wuce shi su waiwayo su gaishe shi. In an zolaye shi sai ya ce sannu ba ta hana zuwa. Tela na bakin layi ya ce, "Sai dai a daɗe ba a je ba, ranka ya daɗe."

Jinkirin ne ya sa ya fara ganin unguwarsu. Sai da ya riƙe sitiyari ya san akwai rami a bakin layinsu, ramin da ya shekara goma yana tsallakewa a bayan jarida. Ya tara magidanta aka cike shi, daga nan aka koma kan kwata, sai fitilun titi. Tunda kuma asibiti za shi, mahaifiyar tela mai ciwon gwiwa ta fara bin su, sai tsohon malamin makaranta mai hawan jini, sai wata mai jego da za ta kai rigakafi. Yakan zauna a bencin asibiti yana riƙe wa mutane jaka da jarirai. Ya san sunayen maƙwabtan da a da hannu kawai yake ɗaga musu ta gilashi, kuma ya ji daɗin haka ƙwarai.

Abu ɗaya ya hana shi sakewa. Kullum zai kaɗe kujerar gaba, ya buɗe wa Hajiya ƙofa, ita kuwa sai ta wuce baya ta zauna, ta ajiye jakarta a gefe. Ko su biyu ne kawai, haka take yi. Shi don ita ya koyi tuƙin nan, so yake ta zauna kusa da shi ya san ta yafe.

"Hajiya, gaban nan fa babu kowa," ya ce wata rana.

"Kula da hanya, Alhaji."

Ya ce a ransa wanda ya yi jinkirin shekaru ba shi da bakin gaggawa.

Sai yana ta fara rufe masa ido. Wata rana da azahar saura kaɗan ya hau kan baron mai sayar da ruwa, bai gan shi ba sam. Likitan ido ya ce tuƙi ya ƙare. Ba wanda ya roƙe shi, da kansa ya miƙa wa Auta makulli, ya kuma bi gidajen masu mota a layin ya raba musu marasa lafiyarsa. Rabuwa da motar bai dame shi ba. Abin da ya ci masa rai shi ne lokaci ya ƙure masa, Hajiya ba ta taɓa zama a gaban ba.

Ranar wankin ƙoda, Auta ta tayar da mota. Ya fito da sandarsa ya nufi ƙofar gaba.

"Ina za ka, Alhaji?" in ji Hajiya daga baya.

"Gaba mana."

Ta ɗauke jakarta ta ɗora a cinya. "Zo nan."

Ya zagaya ya shiga, ya zauna a takure kamar baƙo. Da suka hau titi sai ya juyo gare ta.

"Na yi ta buɗe miki gaba kina ƙi."

"Ni na ce maka direba na rasa? Ban taɓa rasa direba ba. Ranar da zan haifi babban yaron nan, a kujerar baya irin wannan na miƙa hannu ina neman wanda zan riƙe, sai kujera na kama."

Kunya ta rufe shi, da baƙin cikin da bai san inda zai ajiye ba. "Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na ga kana murna da sitiyarinka, mutanen unguwa kuma sun samu mota. Na ce bari in jira ka gama."

Auta ta juya madubi gefe, ta zuba ido a kan hanya. Ya lalubo hannun Hajiya a hankali.

"Ba wannan ba," ta ce, "nan ake soka allura. Riƙe ɗayan."

Ya riƙe ɗayan, bai saki ba har suka shiga ƙofar asibiti.