Bayan Fasto Ok

Fasto Ok Dal-su ya yi rabin rayuwarsa yana wa'azi a wani ƙaramin cocin Firesbiteriya a arewacin Koriya. Da Japanawa masu mulkin ƙasar a lokacin suka ce kowa ya rusuna a wurin bautarsu, dattawan cocin suka bi, shi ya ƙi. Aka kulle shi, aka yi ta jibgarsa har bayansa ya tanƙware.

Da aka sako shi ya tarar an rufe cocin, sai ya koma saƙar takalman karan shinkafa yana kai wa kasuwa. Hanyar kasuwa ɗaya ce, ta gaban wurin bautar ta bi, a duƙe yake wucewa.

Ɗan sandan da ke gadi yakan ƙyalƙyale da dariya: "Yawwa Fasto, ashe ka iya!"

Kullum sai ya cije ya yunƙura zai miƙe. Bayan ba ya miƙuwa.