Akwatin Yaya Sale a Roni

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da Inna da ƙanenta, kawuna, wanda ya biyo mu wai kada a ce ta yi tafiya da yaro, alhali yaron yana da mata da 'ya'ya biyu. Babura muka nufa. Shekara bakwai ke nan da yayana Sale ya gudu ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Yaƙi ya ƙare, masu dawowa suka dawo, shi ko labari. Baba ya rasu yana jira. Inna kuwa ta ƙi karɓar ta'aziyyarsa, duk wadda ta zo da wannan niyya sai ta ce mata ɗanta tafiya ya yi. Wani mai awon hatsi ne ya ce mana akwai tsohon soja a kasuwar Babura da ya san shi.

A tashar Kazaure muka sami a-kori-kura. Aka sa Inna a gaba, ni da Kawu muka hau baya tare da buhunan gishiri da wata akuya da ta ɗauki gefen rigata a matsayin karin kumallo. Direba ya ce naira ɗaya kowa. Inna ba ta yarda da sabon kuɗin nan ba har yau, sai da na mayar mata da shi sule goma, sannan ta ce da haka aka sayi tunkiya a shekarar aurenta.

Kaka ce, an yanke gero an ɗaure dammuna, dawa ta sunkuyar da kai. Da muka zo gindin duwatsu sai zuciyata ta karye, domin nan Yaya Sale yake kawo ni a keken Baba mu tsinki kanya, yana tuƙi yana fito, ni ina riƙe da ƙugunsa ina rantsuwar ba zan sake biyo shi ba. Yanzu hanyar ta cika da motocin siminti, ƙauyuka sun fara rufin kwano, kowane saurayi da rediyo a kafaɗa. Da yana nan shi zai fara sayen babur a unguwarmu, kuma shi zai fara faɗuwa da shi.

Mun isa Babura da hantsi, kasuwa ta fara ci. Ga mutanen Nijar da raƙumansu da kanwa, ana ciniki rabi da naira rabi da sefa, ba wanda ya rikice sai ni mai ilimin boko. Furarsu da kauri take, nono ba a tsinka shi da ruwa ba. Kawu ya sha ƙwarya biyu ya ce ɗanɗanawa yake yi.

Mun sami tsohon sojan a rumfar masu gyaran fitila, ƙafarsa ɗaya, sandarsa a jingine. Ya tambayi Inna sunan wanda muke nema, ta kau da kai, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ni na faɗa.

"Sale Kazaure ban san shi ba," in ji shi. "Sale Roni na sani, dogo mai wushirya, bakinsa ba ya rabo da fito."

Ya ce haka samarin da suka gudo suke yi, sai su ba da sunan wani gari a wurin rubutu don kada iyaye su biyo su bariki. Ya ce a bakin wani kogi aka harbe Salen da safe, su huɗu suka haƙa masa kabari suka yi masa salla. Kayansa kuwa an aika Roni, inda ya rubuta. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce masu wushirya da yawa suke a duniya. Muka kwana a gidan wani abokin Kawu.

Washegari muka ratso ta Kazaure ba mu ko leƙa gida ba. Hanyar Roni gargada ce zalla, har Kawu ya yi nadamar furar jiya. Mai unguwar da muka fara tambaya bai tsaya tunani ba, ya raka mu gidan wata dattijuwa da kansa.

Ita ma ɗanta Sale ne, shi ma soja. Da akwatin ya zo, gidanta aka kawo shi. Suka yi sadakar uku da bakwai da arba'in, matarsa ta gama takaba, sai ga shi ya yi sallama wata rana da ƙafarsa. Yanzu yana tuƙin mota a Kano. Akwatin kuwa ba wanda ya san inda za a mayar da shi, sai ta tura shi ƙarƙashin gadonta.

"Tun daga ranar," in ji ta, "kowace Juma'a nakan toya waina bakwai in raba sadaka. Na ce ɗan wata ne, tana can ba ta sani ba."

Ni na buɗe. Bargo ne, da kwanon cin abinci, da cokali. A ƙasan su akwai baƙar tasbahar Baba, wadda ta taɓa tsinkewa aka ƙulla ta da jan zare. Inna ta ɗauka ta shafa ƙullin da babban yatsa, don ita ta yi shi.

"Ashe shi ya ɗauka," ta ce. "Babanku ya yi ta faɗa."

Ba ta yi kuka da murya ba. Dattijuwar ta matso ta riƙe hannunta, mu maza muka fita zaure. A nan na yi nawa kukan, ban ɓoye wa Kawu ba.

Mun dawo Kazaure bayan la'asar, akwatin a cinyata. Kafin ta cire mayafi Inna ta sa aka aika wa danginta na Gwiwa cewa an yi mata rasuwa, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, duk shekarun da muke ganin an manta da Yaya, akwai wadda ba ta taɓa ganin fuskarsa ba tana tashi dominsa.

Ranar Juma'a na tarar da Inna a bakin tanda, ta jera waina goma sha huɗu. Na ce ai bakwai ake yi. Ta ce bakwai nasa ne, bakwai na matar Roni, don ta yi masa uwa shekarun da ita ta ƙi.